Ranar da Aka Kunna Muryar Mani

Mu kira shi Mani, don sunansa na yanka ba zai fito daga bakina ba. Duk wanda ya taɓa sauka tashar Batsari ran kasuwa ya ci tuwonsa, kuma in zai faɗi gaskiya, na tasa matar bai kama ƙafarsa ba.

A Runka aka haife shi. Sa'o'insa na bin shanu, shi yana gindin murhu yana iza wa uwarsa wuta. Ubansa ya doke shi har hannu ya gaji. Da ya tasa sai ya gudo Batsari wurin Sammani, babban ɗan daudun tasha a wancan zamani, ya koyi tuƙi da kaɗa miya da habaici. Ni ina sayar musu da daddawa, a nan muka saba. A da, biki bai cika biki ba in ba su suka ɗora tukunya ba. Ya yi aure, ya aurar da 'ya, ya je Makka. Da zamani ya juya, masu cin tuwon suka koma tofar da yawu bayan sun ƙoshi, sai ya ninke zanensa ya tura ƙasan adaka, ya tsayar da gemu, ya rage magana. Ƙawayensa suka bi juna kushewa, ya rage shi kaɗai.

Bara Fauziyya ta zo, jikar ƙanwata, mai karatun tarihi a jami'a. Wata ƙungiya ce ta ba ta tallafi ta tattara labarin irin su Mani kafin su ƙare, ba suna, ba hoto, murya kawai. Na ce, "Ke 'yar nan, tarihin sarakuna ne ya ƙare?" Ta ce, "Kaka, wannan yana da masu riƙonsa."

Ba a je ko'ina ba ƙungiyar ta janye hannu, wai ƙasa ta yi zafi. Malamin da ya tsaya mata shi ma ya ce a cire sunansa. Ita dai ta ci gaba da zuwa a motar haya, ta zauna bayan rumfa, ta ajiye waya kusa da bakin Mani, shi kuma yana magana ƙasa-ƙasa. Ina gefe ina ji. Ya fara da bukukuwa, ya gangaro kan wani mutum da ya so rabin rayuwarsa, wanda 'ya'yansa manya ne a garin nan yanzu.

To, a ƙasarmu ta yau, baƙo da waya da raɗa fassara ɗaya gare su: infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Da aka tare motar 'yan kasuwa a hanyar Runka, sai idanu suka dawo kan rumfar tuwo.

Da hantsi suka zo. Armaya'u ne a gaba, shugaban 'yan sa-kai na unguwarmu, jikan aminiyata, bindiga a kafaɗa. Ya gaida ni, ya gaida Mani, gajeriyar gaisuwa.

"Baba, me kake faɗa wa wayar nan kullum?"

"Labarin da ne, ɗan nan."

"To a kunna mu ji labarin da."

Na san inda ake kai wanda aka kira infoma, na kuma san ba a dawowa. Na san abin da ke cikin wayar, da hukumar da za a kai wa Mani kafin azahar in an ji shi. Fauziyya ta dubi Mani. Ya ajiye muciya ya ce, "Kunna daga farko."

Muryarsa ta fito tana lissafa matattu: Sammani, da wane, da wane, da gidajen da suka yi wa girki. Mutane suka matso. Ni kuwa na san daga bikin gidan Yusha'u mahauci sai maganar mutumin nan. Wayar ta ce, "Bikin Nana Hadiza 'yar Yusha'u, tukunya ta ƙone mana, ango ya ɓata a gona don kunya..."

Nana Hadiza uwar Armaya'u ce. Na rangaɗa guɗa har kajin tasha suka watse.

"Ayyururui! Maigidana, ka ji ubanka? Gado ka yi ashe! Shi ya ɓuya a gona ran aurensa, kai ka ɓuya bayan bindiga ka bar ni ba zane ba sabulu. Wannan wane irin miji Allah ya haɗa ni da shi?"

Wasan kaka da jika ba a fushi da shi, ko kana riƙe da igwa. Yaransa suka fashe da dariya. Ya ce, "Kashe, kashe! Tsohuwa, ai na sake ki tun bara." Fauziyya ta danna. Ban san saura numfashi nawa a kai ga maganar mutumin nan ba.

Amma bai tafi haka ba. Ya ce gari ba lafiya, ba za a bar muryar kowa ta fita a wayar baƙuwa ba, a goge a gabansa. Ta sake duban Mani. Ya ɗaga mata kai. Ta goge, duka, ta hau mota tana share hawaye da gefen hijabi. Ba ta sake zuwa ba, ni na hana.

Mani yana nan yana tuƙa tuwonsa, kafaɗa ta fara ba shi wuya. Ran da ba ciniki sai ya ce, "Ƙawata, matso," ya ɗora daga inda aka kashe wayar. Ni ce ma'ajiyar yanzu, ni da na girme shi, ga tari ya ƙi sakina tun damina. Fauziyya takan kira ta ce wai tana neman wani tallafin. In ce mata ta yi sauri, kuma kada ta tambaye ni komai ta waya.