Kabarin da Ba Ya Cikin Taswira

Edita, ni ɗan kasuwa ne a Ogbete, a Inugu. Albasa nake sayarwa. Lokacin da abin nan ya faru shekara ɗaya ke nan da rasuwar maiɗakina, yaranmu biyu kuma na mayar da su Arewa wurin kakarsu. Daga rumfa sai ɗaki. Ranar Juma'a kawai nake hawa okada in je makabartarmu ta bayan gari. Cikin katanga ya riga ya cika, don haka ita da wasu a waje aka binne su, a wani ɗan fili da mai ƙasar ya ba jama'armu da baki, babu takarda. Ba mu sa alama ba. Wata bishiyar kashu nake bi, taku bakwai daga gindinta.

Sai aka sanar a masallaci cewa wani kamfani zai gina rukunin gidaje a wurin, kuma hukuma za ta zauna ta ji ta bakin jama'a kafin ta ba shi izini. Na rufe rumfa na tafi. A ƙofar zauren wata ma'aikaciya ta miƙo mini rajista, ta ce da Turancin buroka, Malam, in ina da magana in sa sunana yanzu, don in an fara ba a ƙarawa. Na ce mata muna da manya, su za su yi. Ta sake tambayata, na sake ba ta wannan amsar. A ganina rashin kunya ne in rubuta sunana kusa da na dattijon unguwarmu.

Shugabar zaman ta bayyana ƙa'ida: kowa minti uku, kuma abin da aka faɗa aka rubuta shi kaɗai za a duba. Injiniyan kamfanin ya haska taswira a bango. Katangar makabarta tana nan, amma inda maiɗakina take, layin titi ne ya ratsa. Wata mai sayar da manja ta tashi ba ko gaisuwa, ta ce magudanar ruwansu za ta bi ta kan rijiyarta. Aka rubuta. Daga baya na ji an karkatar da magudanar.

Da aka kira dattijonmu, ya gaida shugaba, ya gaida sarkin garin, ya gode da zaman lafiyar da muke yi tun zamanin iyayenmu. Ƙararrawar cikar minti uku ta kaɗa yana cewa a kula mana da makabarta. Injiniya ya nuna katanga, ya ce ko bulo ɗaya ba za a taɓa ba. Aka yi tafi. Na ɗaga hannu, sai maƙwabcina a kasuwa ya ja mini riga, ya ce haba mai albasa, Baba ya gama magana kai kuma wa'azi za ka yi? Na sauke hannun. Ko da ban sauke ba, sunana ba ya cikin rajista.

Ranar da motocin aiki suka shiga, jama'armu suka yi kuka, kamfanin ya tsayar da aiki, ya ce kowa ya nuna kabarin mamacinsa a sauya masa wuri cikin mutunci. Amma an riga an tumɓuke kashun, an baje ƙasa. Na yi taku bakwai gabas, na yi yamma. Ma'aikata suna tsaye da shebur suna jirana. Ban iya nunawa ba.

Ban ga laifin Baba ba, ya yi yadda aka koya masa. Hukumar ma ta tambaya, har sau biyu a bakin ƙofa. Abin da na gane shi ne, a irin wannan zama ba a jin abin da ke zuciyar mutum, sai abin da ya faɗa. 'Yan'uwana mazauna Kudu, in aka kira ku, ku girmama manya, amma wanda ya san abin da ba ya cikin taswira ya rubuta sunansa.

Har yanzu ina zuwa ranar Juma'a. A bakin kwalta nake tsayawa in yi mata addu'a, motoci suna wucewa. Babban ɗana ya ce in ya zo hutu in kai shi ya ga kabarin mahaifiyarsa.