Mola Ikundi: Daga Hantsi Zuwa La'asar

Ranar Talata, huɗu ga watan Fabrairu, Allah ya karɓi ran kawuna Ikundi Mokake a gidansa da ke Limbe. Mu duka na Allah ne, kuma wurinsa kowa ya dosa. Bai yi jinya ba. Ya gama karin kumallo, ya zauna a kujerarsa ta gaban tankin gilashi, ya miƙa hannu zai kunna fitila, hannun bai kai ba. A haka matarsa, Iya Evenye, ta same shi.

Ina kan babur a Duwala, na ɗauko wata mata da kwandon ayaba, wayar ta shigo. Na ji abin da aka ce. Na kai matar har ƙofar gidanta, na sauke mata kwandon, har na ce ta gaida yara.

Mola, ƙanen mahaifiyata ne kai, kuma tun da na iya magana da wannan sunan nake kiranka, kamar yadda kowane ɗa yake kiran kawunsa. Kai kuwa ban taɓa jin ka kira ni da sunana Esuka ba. Rediyo kake ce mini. "Kai Rediyo, rage murya, kifi na hutawa." To ga shi an rage. Tun ranar da ka tafi nake neman bakin nan da ya sa aka kore ni daga makaranta, bakin da ya raba ni da iyayen gida uku, na rasa inda na ajiye shi. Ban yi kuka ba. Ina cin abinci, ina barci, ina amsa gaisuwa. Ji nake kamar an yi mini allurar kashe zafi, likitan ya fita bai dawo ba.

Sana'arka ba irin wadda ake tafa wa a taro ba ce. Ganyen ruwa kake reno, wanda ake sa wa a tankin kifin ado, 'yan kasuwa su zo su saya su tura ƙasashen waje. Su anubiyas suke ce masa. Ganye ne mai kauri, kore har yana neman baƙi, tushensa kamar ɗanyar citta. Ba a binne shi. A kan baƙin dutse ake ɗaure shi da zare har ya kama da kansa. A ƙoramun gindin dutsenmu yake fitowa, ƙarƙashin manyan itatuwa inda rana ba ta sauka sai a ɗige. Ka ba shi haske mai ƙarfi, shi ba zai ƙara sauri ba, ganye ɗaya a wata ita ce tafiyarsa. Gansakuka ce za ta yi sauri, ta hau shi, ta shaƙe shi.

Shekarar da mahaifiyata ta rasu aka sallame ni daga makaranta, don na gaya wa wani malami a gabansa abin da kowa yake faɗa a bayansa. Dangi suka taru a kaina, kowa da wa'azinsa. Kai ka zo ka ɗauki jakata, ka ce in biyo ka. Da muka isa ka tura mini bokiti da tarin tsofaffin jaridu, ka ce in riƙa jiƙa su, da su ake naɗe ganyen kafin a sa a kwali. A lokacin karatuna bai wuce na allon shago ba. Ina jiƙawa ina tsintar kalma ɗaya-ɗaya, har na fara jinkirin aiki don in ga ƙarshen labari kafin ruwa ya cinye shi. Ba ka taɓa ce mini in yi karatu ba. Sai dai na lura jaridun da kake sayowa sun fi ƙarfin ganyen da muke da shi, kuma masu dogon labari kullum suna sama, nesa da bokiti. Daga baya littattafai suka fara bayyana a cikin tarin, marasa bango, wai a kan kilo aka haɗo maka da su. Mola, na san ƙarya kake yi. Babu mai naɗe ganye da littafi.

A falon nan naka mai duhu na koyi duk abin da na iya. Wata rana na gaji na ce, "Mola, wai kai maye ne? Falo kamar cikin tukunya! Ka sayo ƙwan lantarki mai haske mana, ko rowa ce?"

Ka ce, "Kana ganin rubutun?"

"Ina gani."

"Kana matse ido?"

"A'a."

"Ɗaga hannunka a kan ruwan. Inuwar tana da yatsu?"

Na duba. Inuwar dishi-dishi ce, ba ka gane inda yatsa ya ƙare.

Ka ce, "To ya isa. Abin da ya ishe ka karatu ya ishe ta rayuwa. Ka ƙara, gansakuka ka ciyar. Koma kan aikinka, sarkin surutu."

Ƙwai ɗaya ne ƙarami a saman tankin, labulen taga a sake. Da hantsi ka kunna, da la'asar ka kashe. Ko ranar Kirsimeti, ko baƙi sun cika falo suna son kallo, lokaci na yi za ka miƙe ka kashe, ka ce ita ma tana da dare.

Ita ɗin ita ce Tsohuwa, uwar ganyen da ke tsakiyar tankin. Ka ɗebo ta daga ƙoramar bayan ƙauyenmu shekarar da aka haifi 'yarka Mojoko, kuma duk ganyen da ka taɓa sayarwa daga jikinta ko jikin 'ya'yanta ka yanko shi. Ƙoramar yanzu an sare itatuwanta an yi gidaje, babura ake wankewa a ciki. Irin nata ba ya wurin kuma. Idan Mojoko ta zo hutu daga makarantar kwana kakan ce, "Kin gaida sa'arki?" Ita kuma ta murguɗa baki ta ce, "Baba, ai ita ce 'yarka, ni 'yar riƙo ce." Da ta fara aiki a Yawunde, duk zuwa sai ta kawo maka manyan ƙwayayen lantarki, don duhun falon yana ba ta kunya. Ka yi godiya, ka sa mata albarka, ka zuba su a cikin durowa.

Maƙwabta za su tuna ka da wani abu daban. Lokacin da ɓarin jikin maƙwabcinka Pa Lyonga ya shanye, aka kwantar da shi a ɗakin baya mai 'yar ƙaramar taga, kai ka kai masa ganye ɗaya a kwalba, ka ce a garin nan shi kaɗai zai yarda ya zauna a ɗakin. Duk Asabar ka je wai canza ruwan kwalba. Canza ruwan kwalba ba ya buƙatar reza da sabulu da tawul. Har ya rasu ba a taɓa ganin Pa Lyonga da gemu ba, kuma ba ka taɓa bari a ce ka zo yi masa aski ba.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya faru bayanka, don ba na son ka ji shi a bakin wani.

An kai ka mutuware, ɗakin ajiye gawa, aka ce sai dangin da ke waje sun iso. Ka san yadda muke: gidan da mamaci ya rayu a cikinsa da tsohon fenti ba ya isa a shimfiɗe gawarsa sai an sabunta shi. Na zo kwanakin farko, na kasa zama, na koma Duwala na hau babur. Iya Evenye kuma tana ƙuryar ɗaki a kan tabarma, mata sun kewaye ta, ba fita sai an binne ka. Ita kaɗai ta san lokacin fitilar bayan ni da kai, ita ce kuma aka hana leƙa ƙofa.

Na dawo ana gobe za a ɗauko ka, da rana tsaka. Gida ya yi fari fat, an kafa rumfuna, ƙamshin kwakoko, abincinmu na gwaza, da gasasshen kifi ya cika unguwa. Masu fenti sun fitar da tankin baranda, daidai inda ranar safe take dukan bango. A samansa an rataya dogayen fitilu farare, an jona su da janareto don kada a ɗauke wuta su mutu. Ruwan ya zama kore kamar romon ganye, na sa yatsa na ji shi da ɗumi. Kifayen da suka rage suna sama suna haki. Tsohuwa kuwa sai da na kanga ido na gan ta: ganyenta ya yi rawaya, baƙin gashi ya fito a gefen kowanne.

Mojoko ta fito da zanen anko a kafaɗa, idonta a kumbure, muryarta ta dishe don hidima. Ta ce, "Esuka, ka iso? Ka ga na fito da ita. Mutane za su zo daga ko'ina, ba za a ce ubana ya ƙare rayuwarsa a duhu ba. Bari su ga aikinsa." Sannan ta ce, "Sai dai ruwan ne yake ta dagulewa. Na ce ko hasken ne bai isa ba, na ƙaro biyu."

Samarin da ke jera kujeru suka tsaya. Ɗan'uwanmu Kinge ya ce a hankali, "Jama'a a matsa, za a kama tasha."

Ni ma jira nake. Na buɗe baki, Mola, na san kalmomin, a jere suke, kowace da kaifinta. Ba abin da ya fito. Na dubi matar nan da ta yi makonni ba ta runtsa ba don a girmama ka, na dubi tankin. Sai na sunkuya na zare wayar fitilun.

Ta ce, "Me na yi?"

Na ce, "Yaya, ara mini zanen nan. Kinge, bar kujerun, zo ka kama."

Muka rage ruwan, muka zuba mai sanyi, muka mayar da tankin lungunsa na falo. Na lulluɓe shi da zanen ankon Mojoko da nawa yadin da ban ma kai wa tela ba, ko kafar allura ban bari ba. Kai ka koya mini cewa duhu yana kashe gansakuka kafin ya kashe ganye. Ban dai sani ba ko akwai sauran abin ceta.

Haka aka shimfiɗe ka washegari, akwatinka a tsakiyar falo, Tsohuwa a rufe kusa da kanka. Baƙi suka ɗauka tebur ne. Suka ɗora furanni a kai, wani dattijo ma ya ajiye hularsa da kofin bammi. Ba wanda ya ga aikinka. A coci Fada ya roƙa maka haske madawwami, wanda ba ya yankewa. Jama'a suka ce amin. Na ji Mojoko a gefena ta ja numfashi.

Bayan an watse, rumfuna sun tafi, muka yaye zanen ni da ita. Ruwan ya washe. Na ciro dutsen. Rabin tushen ya ruɓe, yana narkewa a hannu kamar dafaffiyar doya, da wari. Na ɗauko rezarka na fara yanka, ina yankewa ina dubawa, baƙi, baƙi, ruwan ƙasa, har na isa inda rezar ta ji tauri, cikin ya yi fari. Abin da ya rage na shekara talatin da wani abu bai wuce tsawon babban yatsa ba, da ganye biyu. Mojoko ta riƙe dutsen, ni na ɗaure zaren. Na ce ta tsaya cak, ta ce in rufe mata baki. Na maido ƙaramin ƙwanka, na kunna, na miƙa mata takardar shirin jana'izarka mai hotonka a gaba.

"Kina ganin rubutun?"

Ta karanta sunanka a fili, da shekarar haihuwa, da ɗaya shekarar.

"Kina matse ido?"

Ta ce, "Ba don hasken ba ne."

Ta koma bakin aikinta a Yawunde. Ni ban koma ba. Babur yana wurin abokina. Da hantsi in kunna, da la'asar in kashe, tsakani in zauna a kujerarka da littafi a cinya ba na juya shafi. Makonni suka wuce ganye biyun nan suna nan yadda suke, ba su mutu ba, ba su motsa ba. Ni ma haka.

Jiya da na kunna fitila na ga wani ɗan tsini a ƙarshen tushen, a naɗe, kore mai haske, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Na kira Mojoko a waya. Ban san da ƙarfi nake magana ba. Na ce, "Yaya! Sa'arki ta yi ganye!" Ta ce, "Kada ka kuskura ka ƙara mata haske." Na ce, "Ji mai koya mini! Wa ya mayar da baranda filin ƙwallo?" Sai ga muryar Iya Evenye daga ɗaki, karo na farko da na ji ta ɗaga murya tun da ka tafi: "Kai Rediyo, rage murya, kifi na hutawa."

Ina miƙa ta'aziyyata ga Iya Evenye, da Yaya Mojoko, da iyalan Mokake na gida da na waje, da iyalan Pa Lyonga, da maƙwabtan da har yau akwai kwalbarka a ɗakunansu. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya riƙe gidan da ka bari.

Mola Ikundi, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya saka maka da abin da ka yi a ɓoye. Ya kwantar da kai a bakin ruwa mai sanyi, ƙarƙashin itatuwan da ba mai sarewa. Hasken da Fada ya roƙa maka, na ce amin, kuma ina ƙara cewa amin. Sai dai na roƙi Ubangiji, shi da ya san ka fiye da mu, ya auna maka shi daidai yadda kake so, ya kuma bar maka darenka ka huta.