Rabon Maraƙi

Furera, matar Sallau, a wani ƙauye kusa da Birnin Lalle ta yi zamanta. Ba ta da yawan magana, tafin hannunta duk kanta saboda igiyar guga. Abin da ta mallaka a duniya jar saniya ce guda, wadda uwarta ta ba ta. Yadda ta tarar ana tatsa haka take yi: ta tatsi nono biyu, ta bar wa maraƙi biyu.

Bayan tafiyar Nasara da ƴan shekaru aka kafa koperatif, ƙungiyar tara madara, a Dakoro. Mata ke tatsa, amma maza aka tara gindin icen bedi. Aka ba kowane mai gida bido na ƙarfe na zuba madara, aka ce kamyo, babbar mota, zai riƙa zuwa ɗaukar madara da safe, wanda nasa bai cika ba a karɓe. Sallau ya shigo gida da nasa kamar an naɗa masa rawani.

Da damina bido na cika. Da rani ya kai rani, ciyawa ta ƙare, madara ta koma rabi. Furera ta ce a yi haƙuri har ruwa ya sauka. Sallau ya ce Mijinyawa, shugaban koperatif, ya ambaci sunansa gaban mutane a kasuwa, kuma ba za a sake ba.

"Ki tatse duka huɗun."

"Malam, maraƙin fa?"

"Ya ci dusa. Ni nono kika ga ina sha?"

Ta tatse. Kullum ta kawo maraƙin ya kama, madara na saukowa ta janye shi da hannunta, yana kuka. Maraƙin bai ga damina ba.

Irin saniyarmu ta nan kuwa ba ta sakin madara in ba ta ga ɗanta ba. Furera ta feɗe maraƙin, ta cusa wa fatar ƙaiƙayi, ta shafa gishiri, ta tsayar da shi gaban uwar. Saniya ta lasa, ta ba da ɗan abin da ta ba. Kafin wata ya mutu ta daina lasa, hantsa ta ƙafe.

Aka karɓe bidon, aka kai wani gida. Sallau ya ce ba ya ciyar da abin da ba ya ba da komai, ya ja saniyar zuwa kasuwar Dakoro. Da maza suka tambaye shi abin da ya faru, cewa ya yi matarsa ce ba ta iya tatsa ba.

Maganar ta iske Furera a bakin rijiya. Ta cika tulunta, ta bar kwamin ban ruwa ga masu dabbobi.