Takardar da aka maƙala a ƙofar makaranta

Har na koma ga Allah ba zan manta da safiyar Litinin ɗin da firinsifal ya aika a kira ni daga aji ba. Lokacin ina mataki na goma na albashi, ina koyar da Hausa a wata sakandaren jeka-ka-dawo tsakanin Dayi da Ƙarfi. Damina ce, masara ta fi mutum tsawo, makarantarmu kuma ba katanga.

Na tarar ya rufe tagogi, ga wata takarda a gabansa wadda maigadi ya samu a maƙale a ƙofa. An ce mu rufe makaranta kafin Juma'a, ko a zo a kwashe yara.

Ga wanda bai san aikin ba, firinsifal ba shi da ikon rufe makaranta da kansa. Sai ya rubuta wa ofishin shiyya, ya sanar da 'yan sanda da dagaci. Ni kuwa an san ni da nahawu, don haka duk takardar da za ta fita sai ta bi ta hannuna.

"Malam Haruna, juya min ita zuwa Turanci, mu haɗa da rahoto," in ji shi.

Na karanta sau biyu. An raba "za" da "mu", kowane ƙ da ɗ da lanƙwasarsa, waƙafi yana inda ya dace. Shekara uku na yi ina ba wannan rubutun maki. Na Basiru ne, tsohon ɗalibina da ya gama ya koma noma.

"Ka san hannun ne?" in ji firinsifal.

A yankinmu lokacin, duk wanda aka ce yana kai wa 'yan bindiga labari, ba a jiran alƙali. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni zuwa azahar."

Na hau babur na tafi ƙauyensu. Mahaifinsa ya ja ni cikin zaure, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Tun Alhamis suka ɗauke shi a gona, Malam. Sun ce in muka faɗa wa hukuma, gawarsa za mu gani."

Ashe dai takardar ba wasa ba ce. A hanyar dawowa, ko ganye ya motsa sai na waiwaya. Sun san makarantar, sun san malamanta, gidana kuma yana bayanta. Da na iso titi na kira Nasiru, abokin karatuna da ke aikin banki a Funtua, wanda ni nake gyara masa insha'i muna ɗalibai.

"Kwashe iyalinka yau ka dawo Funtua," ya ce.

"Da me zan kama haya, Nasiru?"

Ban taɓa yi masa hassada ba, amma ranar na so a ce baiwar da Allah ya ba ni tana biya kamar tasa, ko don 'ya'yana su kwana cikin gari.

Na koma na gaya wa firinsifal komai. Muka rubuta cewa an tilasta wa wani da ke tsare ne ya yi takardar, ba mu sa suna ba. Kafin la'asar ofishin shiyya ya ba da umarni a sallami ɗalibai. Ni dai a gidana na zauna, har aka buɗe makaranta bayan girbi.

Da aka sako Basiru, ya dawo a rame. Da ya zo gaishe ni, ya sunkuyar da kai. "Malam, bindiga a kaina suke faɗa ina rubutawa. Na so in ɓata rubutun kada a gane ni, hannuna ya ƙi."

Ku da kuka shigo aikin koyarwa kwanan nan, albashi dai kun gan shi, ba zai kai ku ko'ina ba. Amma za ku san yaran mutane fiye da yadda kuke zato. Ranar da aka tambaye ku sunan wani yaro, ku fara zuwa gidansu tukuna.