Rakiyar Rifkatu Zuwa Baturiya

Haɗeja, ƙarfe biyar da rabi

Ina dawowa daga sallar asuba na tarar da Rifkatu a ƙofar gidana, ta rungume jaka kamar jariri. 'Yar maƙwabcina ce, Malam Yohanna. Shekara tara tana ƙirga tsuntsaye a fadamar Baturiya, sai bara ta ajiye binciken ta koma haɗa wa masu binciken manhajar waya, wai su huta da littafi da fensir. Tun ranar malaminta, Farfesa, bai ƙara ɗaukar wayarta ba. Yau ya yarda ya gwada abin sau ɗaya. In ya yi, a karɓa. In bai yi ba, kar ya sake jin sunanta.

"Kawu, kai ka saba tafiya, don Allah raka ni."

Na je Agadas, na je Fatakwal, amma ban taɓa raka waya jarrabawa ba. Na ɗauko hulata.

A hanya

Shida daidai motarmu ta tashi, mu tara da akuya. A shinge ɗan sanda ya zaro madubin hangen nesan Rifkatu, ya riƙe shi a juye ya leƙa, ya daka wa direba tsawa, "Kai, ina za ka? Dawo nan!" Direba kuwa yana gabansa, har numfashinsu na haɗuwa.

Bakwai da rabi muna Baturiya. Rifkatu ta kasa cin ƙosanta, ni na cinye don kar mai ƙosai ta ji ba daɗi.

Cikin ruwa

Farfesa dogo ne, fensir a kunne. Ya amsa gaisuwata, tata kuwa ya bar wa ruwa. Baba Ali mai kwalekwale ya tura mu gefen ciyawar nan kacalla. Tsarin shi ne Farfesa ya faɗi tsuntsu, Rifkatu ta danna. Wanda ya ɓuya a ciyawa kuma da kunne yake ƙirga shi, ido a rufe.

"Kirinjijiya, ɗaya." Wato agwagwar ruwa mai fito.

Ta danna. Sai muka ji fito, fii-fii-fiyu.

"Ƙara ɗaya."

Ta danna. Fii-fii-fiyu.

"Ƙara! Yau garke muka samu!"

Na dubi Rifkatu, gumi ya wanke ta. Ta raɗa mini, "Kawu, wayar ce. Kukan da na taɓa ɗauka na sa mata, don in an danna a san ya shiga."

"To faɗa masa mana!"

"Ba a katse shi in yana ƙirga."

Haka suka yi ta yi, shi yana ƙarawa, ita tana dannawa. Muna kan arba'in da uku Baba Ali ya kafe sandarsa.

"Ranka ya daɗe, agwagwar nan fa ɗaya ce. Ita ma barci take yi."

Farfesa ya buɗe ido. Ya dubi agwagwa, ya dubi waya. Ya miƙa hannu ya danna da kansa. Fii-fii-fiyu. Na fara lissafin ko zan iya iyo zuwa gaɓa.

"Wa ya ɗauki kukan nan?"

"Ni ce, Malam. Kwana uku ina kwance a laka."

Sai dariya ta ƙwace masa har fensir ya faɗa ruwa.

"Shekara talatin ba tsuntsun da ya ruɗe ni, sai naki. Ashe ba ki bar mu ba. Toshe wa manhajar baki, ki sa mini ita a wayata." Bai ko nemi fensirin ba.

Gida

La'asar muka iso Haɗeja da soyayyen kifi. Na gode wa Allah da ya dawo da mu a bushe, na gode wa Baba Ali, na kuma gode wa agwagwar nan da ta yi aikin arba'in da uku ba tare da ta farka ba.