Gidan Wudil da Sharaɗin Kwano

Mun tashi da asuba ranar Asabar, ni da maigida, ko ruwan shayi ban tsaya ɗorawa ba. Yara huɗu muka bar wa maƙwabciya, ina ta ja musu kunne kamar mai shirin tafiya Makka, alhali Wudil ce kawai. Kuma ba yawon buɗe ido ya fitar da mu ba. Mai gidan da muke haya a Hotoro ne ya aiko da takarda: ko mu ninka kuɗin haya, ko mu tashi ƙarshen wata. Saura kwana goma sha ɗaya. Mun zaga Kano har takalmina ya tsinke. Duk inda aka nuna mana ɗaki biyu da falo sai a faɗi kuɗin da zai sa mutum ya nemi wurin zama, ga na dillali, ga na lauya, ga wani wai na ko-da-an-yi-ɓarna. Shi ne wani abokin maigida da ke aiki a jami'ar Wudil ya ce mu leƙo can, da sauran sauƙi, kuma mota ba ta yankewa zuwa Kano.

A Mariri muka shiga mota. Direba ya cusa mu huɗu a baya, kusa da ni wata baiwar Allah da kaji biyu a cinya, ɗaya ta ƙura mini ido tun daga tasha har Gano. Kuɗin mota dubu ɗaya da ɗari biyar kowa, na ce wa maigida da ni ce shi, keke zan saya. Bai yi dariya ba. Tun da takardar nan ta zo dariya ta bar masa fuska, kuma abin yana ci mini rai fiye da tashin kansa.

Hanya dai lafiya lau. Damina ta yi kyau, gero ya fid da kai, ko'ina kore shar. Da muka hau gadar Wudil na leƙa ƙasa, kogi ya cika ya yi jajir, masu yashi suna ta nutso da bokiti suna ɗagowa suna juyewa a kwalekwale. Jiya aka ci kasuwa, garin bai gama farfaɗowa ba, warin shanu har yanzu yana tashi daga wajen kara. A bakin titi muka karya da kifi soyayye da gurasa, yaji har hawaye. Gaskiya kifin Wudil ba ƙarya.

Dillalin da aka haɗa mu da shi gajeren mutum ne, bakinsa ba ya hutawa. Gida na farko kusa da jami'a yake, an yanyanka shi ɗaki-ɗaki saboda ɗalibai, kuɗinsa kuwa ya kusa kamo na Kano. Na biyu can kan hanyar Utai, muka hau babur muka sha tafiya, muka tarar ba ruwa, ba wuta, banɗaki ko rufi babu. Dillali ya ce ai iska ce ke shiga. Na ce masa mun gode, iska muna da ita a gida. Kafin mu dawo cikin gari an yi azahar, ƙafafuna sun kumbura.

Nan dillali ya sosa ƙeya ya ce akwai saura ɗaya, a tsohuwar unguwa ta wajen kogi, amma sai mun gani da idonmu.

Tun daga lungun na lura bakinsa ya mutu. Rana tsaka ce, amma ba kowa a waje, sai wata akuya da ta ɗago ta dube mu. Ƙyauren zauren a buɗe yake, kuma ba kwaɗo ba sakata, sai ramukan ƙusoshi inda aka cire su. Dillali ya tsaya ya yi sallama. Ya jira. Ya sake yi. Na ce, “Malam, ba ka ce ba kowa a gidan ba?” Ya ce, “Eh, Hajiya, ba kowa,” ya yi ta uku, sannan ya cire takalmi ya shiga.

Wallahi gida ne. Tsakar gida mai faɗi an share ta tas, rijiya da murfinta, bishiyar gwaiba, madafi, ɗakuna huɗu da siminti mai kyau. Nan take na raba su a raina: wannan namu, wannan na 'yan mata, wancan na maza, keken ɗinkina a bakin taga. Uku a buɗe suke wayam. Na huɗun, na ɓangaren gabas, an sakar masa labule, da silifa ƙafa biyu a jere a bakin ƙofa. Gefensu a kan wani dutse an kife kwanon samira, wankakke, ruwa yana ɗiga daga bakinsa.

Da dillali ya faɗi kuɗin shekara sai da na sa ya maimaita. Bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da muke biya a Hotoro ba. Na ga fuskar maigida ta saki, karon farko cikin wata guda. Ni kuwa na juya wurin dillali. Na ce, “Malam, kada ka raina mini hankali. Me ke cikin gidan nan?” Ya ce ba bakinsa ya kamata in ji ba, mu je gidan da ke jikin wannan, mai gidan tana can.

Maza suka tsaya a zaure, ni na shiga. Wata mata da za ta girme ni ta karɓe ni, ta kai ni wurin mahaifiyarta, tsohuwa ƙwarai, zaune a kan tabarma an jingina ta da bango. Shekara uku ƙafafunta ba sa takawa. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ko ni ke yin girki da kaina. Sannan ta ce, “'Yar nan, ɗakuna uku naku ne. Na gabas nasa ne, kada a taɓa. Ƙofar zaure ba a rufe ta. In kin sauke abincin rana, ki zuba masa a kwanonsa ki ajiye a bakin ƙofa. Shi ke nan abin da nake so.”

Na ce, “Iya, wa?”

Ta kawar da kai. 'Yar ce ta ja ni madafi ta gaya mini. Yayanta ne, ɗan farin tsohuwar, shi ya sa ba ta kama sunansa, sai dai ta ce “shi”. Mai yashi ne. Shekara tara da suka wuce, a irin wannan lokaci na cikar kogi, ya yi nutso da bokitinsa bai ɗago ba. An yi kwana huɗu ana nema, ba a ga ko rigarsa ba. Ranar da aka zo da labari tsohuwa ba ta yi kuka ba, ba ta je bakin ruwa ba, saboda kunyar ɗan fari. Tuwo ta tuƙa ta zuba masa. 'Yan'uwa sun so a yi masa salla a raba gado a sayar da gidan, ta ce wanda ba a ga gawarsa ba ba za a raba ɗakinsa tana raye ba.

Tausayi ya kama ni har idona ya kawo ruwa. Na ce to ai wannan ba komai ba ne, me ya sa gida irin wannan ya rasa ɗan haya? Ta dube ni. Ta ce, “Gida uku suka zauna, ba wanda ya cika shekara. Yanzu da ba kowa ni nake kaiwa. Ni dai ajiyewa nake yi in fito. In na koma sai in tarar da kwanon a kife, an wanke.”

Na tuna ruwan da na gani yana ɗiga.

Da na fito na gaya wa maigida, dillali ya yi caraf ya ce ai ƙofa a buɗe take, wani mabuƙaci ne ke shiga ya ci, sadaka ce, lada ma za mu samu. Maigida ya riƙe wannan magana hannu bibbiyu. Ni kuwa na ce zan sake duba rijiya, na koma ni kaɗai. Ba rijiya na duba ba, ƙasa na duba. Sharar tana nan da zanen tsintsiya. Ga sawunmu mu uku. Ga wani ƙaramin sawu na mace, ya je bakin ɗakin gabas ya dawo. Bayan shi babu na kowa. Ba iska, amma ban yarda na ɗaga ido na dubi labulen ba. Na fito da baya da baya ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Muka shiga mota muka kamo hanyar gida har muka wuce Gano. Sai maigida ya ce a hankali, “Maman yara, in kin ce a'a, a'a ce.” Ya faɗa yana kallon taga, kuma na san ba shi da wani wurin da zai kai mu.

Mun iso Hotoro bayan la'asar. A ƙofar gida muka tarar da dillalin mai gidanmu da wani saurayi mai shirin aure, suna auna tagar falona daga waje, yarana huɗu suna tsaye suna kallonsu. Mutanen ko sannu ba su yi mana ba. Babbar 'yata ta ce, “Umma, an samu?”

Abin da na koyo a tafiyar nan kaɗan ne, kuma ba daɗi. Da ina jin an ce wance ta zauna a gida kaza sai in ce ni ko kyauta aka ba ni ba zan kwana ba. Ashe mai faɗin haka yana da wurin kwana ne. Ina jin tsoron gidan nan, ba zan ɓoye muku ba. Amma na fi tsoron ranar ɗaya ga wata ta same ni da yara da katifu a bakin titi.

Na karɓi wayar maigida na kira dillalin Wudil. Na ce mun karɓa, Asabar mai zuwa za mu tare. Na ce tambaya ɗaya zai yi mini wurin Iya: akwai abin da ba ya ci? Bayan ɗan lokaci ya kira, ya ce ta ce komai yana ci, ban da miyar kuɓewa. Na ce to. Zan kashe ke nan sai ya sake magana.

“Hajiya,” ya ce, “masu hayar baya ma haka suka ce. Ranar kuɓewa ba a taɓa kwanon.”