Rabin Saƙon Irin Wake

A shekarar da sojoji ke shirin mayar da mulki hannun farar hula, ni saurayi ne da ya gama karatun lakol ya dawo Gidan Rumji yana ji da kansa. Wata ƙungiyar manoma ta ɗauke ni aiki a buronta, na rubuta wa ordinatar, wato kwamfuta, tsarin da ke aika saƙo zuwa salular wakilan ƙauyuka. Na iya aikina, har gobe ba na musun wannan.

Gab da damina aka kawo irin wake, ga yunwa ta yi tsanani a shekarar. Shugaban ƙungiya ya ce in sanar da wakilai su raba shi, in kuma ja kunne cewa an cakuɗa shi da maganin ƙwari, na shuka ne, ba na ci ba. Saƙon ya yi tsawo har ya wuce bakin allo, ni kuwa na tsani layi mai jela. Sai na yanke shi biyu don ya yi kyan gani, na sauko da gargaɗin layi na ƙasa, amma ban haɗe su cikin baka ba, alamar da ke nuna wa na'ura cewa layukan biyu saƙo ɗaya ne. Na'ura ta ɗauki na sama, ta bar na ƙasa, ko tari ba ta yi ba. Ban gwada a salulata ba, don a ganina gwaji na 'yan koyo ne.

Washegari wakilin Gidan Sori ya bugo yana godiya, wai har mata sun fara jiƙawa. Nan take na aika cikakken saƙon, na haye moto, muka bi gida gida da wakilin muna kifar da tukwane. Allah ya tsare, ba wanda ya kai loma baki. Amma wata gwauruwa ta riga ta zuba wa akuyarta ruwan wankin waken, ita ke nan gare ta, muka tarar ta mutu. Na soma yi mata bayanin layi da baka, ta dube ni ta ce, "Ɗana, da jikokina za su fara ci, akuyar ce ta riga su."

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ban bar sana'ar ba, kuma har yau ina yanka dogon layi, don yankawar ba laifi ba ce. 'Yan'uwana masu wannan aiki, in kun yanka ku haɗe, sannan ku aika wa kanku ku karanta har ƙarshe. Wanda saƙon ya isa gare shi bai san akwai saura ba.